Yadda mai koyon wayarin zai yi aiki da littafi, tun daga shago har cikin silin

A watan Afrilun wata shekara aka kira ni wani gida a unguwar Badariya, cikin Birnin Kebbi, domin uwargidan ta ce duk sanda aka kunna hita da na'urar sanyaya ɗaki a lokaci guda, sai ta ji ƙaurin roba yana saukowa daga sama. Na kashe wutar gidan, na kafa tsani, na ɗaga bakin silin, zafi ya buge ni a fuska kamar na leƙa tanda. Da na haska tocila sai na ga bututun roba guda ɗaya da aka cusa wa wayoyin layuka uku daban-daban, ya lanƙwashe ya yi baƙi a wuri biyu, rigar wayoyin kuma ta yi laushi ta manne da juna. Birekar da aka sa wa layin, wato makunnin da ke yanke wuta da kansa idan nauyi ya yi yawa, ta amfiya 32 ce, kuma masu gidan sun ce ba ta taɓa faɗuwa ba ko sau ɗaya.

Washegari aka nemo yaron da ya yi aikin, saurayi mai ladabi, mai hannu kuma, domin soket-soket ɗinsa duk a jere suke kamar an ja musu igiya. Na tambaye shi dalilin da ya sa ya zaɓi wannan waya da wannan bireka. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Maigida, haka muka taso muka ga ana yi. Soket wayar 2.5 ake ja masa." Bai yi ƙarya ba, haka aka koya masa, kuma a gidaje da yawa hakan yana wucewa lafiya. Abin da ba a taɓa nuna masa ba shi ne shafin da ya faɗi lokacin da wayar 2.5, wato mai kaurin murabba'in milimita 2.5, take isa da lokacin da ba ta isa.

Yadda ake fere waya ba tare da an ji wa jan ƙarfen ciki rauni ba, da yadda ake lanƙwasa bututu, da yadda ake sassaƙa bango a miƙe, duk a hannun maigida ake koyon su, kuma babu littafin da zai maye gurbin shekarun da yaro zai yi yana riƙe tsani. Amma kaurin waya, da girman bireka, da iyakar nisan da za a ja layi, waɗannan lissafi ne da aka gwada aka rubuta. Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A aikin wuta ƙimar ido ba ta isa, domin kuskuren yana ɓoye ne a cikin bango har ranar da zai fito da hayaƙi.

Littattafan da za ka fara nema

Fara da littafin tushen ilimin lantarki, irin wanda ake karantarwa da shi a kwalejojin fasaha masu shirya ɗalibai wa jarrabawar NABTEB. Ba sai sabo ba. A cikinsa za ka sami dokar Ohm, da alaƙar da ke tsakanin wat da bolt da amfiya, da bambancin wutar layi ɗaya da ta layi uku, da yadda motar lantarki, irin wadda ke juya famfo, da taransifoma suke aiki. Wannan ilimi ba ya tsufa, saboda haka tsohon bugu da ka samu a hannun wani ɗalibin Kwalejin Waziri Umaru ta nan Birnin Kebbi, ko na Ƙaura Namoda idan kana ɓangaren Zamfara, zai yi maka aiki sarai.

Na biyu shi ne littafin dokokin wayarin, kuma a nan ne ya kamata ka kashe kuɗinka da lokacinka. Tsarin wutarmu a Najeriya daga Birtaniya muka gaje shi: bolt 230 a layi ɗaya, bolt 400 a layi uku, bugu 50 a daƙiƙa, soket mai baki uku na amfiya 13, da auna waya da murabba'in milimita. Shi ya sa littafin da ƙungiyar injiniyoyi ta IET take fitarwa a can, wanda ake kira BS 7671, ya zama abin dogaro a wurinmu. Tun 1882 aka fara buga waɗannan dokoki, bugu na 18 ya fito a 2018, an kuma yi masa gyare-gyare bayan nan. Babban littafi ne mai tsada, yarensa kuma na masu doka ne. Ga mai koyo, ƙaraminsa da ake kira On-Site Guide ya fi sauƙin ɗauka da fahimta, domin an tattaro jadawalan da ake buƙata kullum a wurin aiki an zuba a cikinsa. Idan kuɗinka bai kai ba, ku haɗu ku uku ko huɗu a shago ku sayi guda, a ajiye shi a wurin da kowa zai iya kaiwa gare shi.

Kada ka manta cewa ƙasarmu ma tana da nata ƙa'idojin. Hukumar NERC, mai tsara harkar wutar lantarki, ta fitar da ƙa'idojin da ake kira NESIS a 2015, kuma hukumar NEMSA, wadda aka fara kafa ta da dokar 2015, ita ke duba ayyukan wuta tana kuma ba ma'aikata takardar shaidar ƙwarewa. Duk inda ka ga ƙa'idar gida ta faɗi wani abu a fili, ita za ka bi.

Akwai kuma littafi na uku da kusan kowa yake wulaƙantawa, wato 'yar takardar da take zuwa a cikin kwalin inbata, ko famfo, ko na'urar sanyaya ɗaki. Sau da yawa na ga an yage kwali an jefar da ita tare da leda, alhali a cikinta ne kamfanin ya rubuta kaurin wayar da yake so, da girman fis, da tazarar da za a bari domin iska ta shiga. Ka riƙa tsince ta kana adanawa a jaka ɗaya. Bayan shekara biyu za ka ga ka tara abin da babu shagon littafin da yake sayar da irinsa.

Kafin ka yarda da littafi, duba ƙasarsa da shekararsa

Buɗe shafin farko ka ga inda aka buga shi. Littattafan Amurka, da yawancin bidiyon da ake kallo a YouTube daga can, suna magana ne a kan bolt 120 da bugu 60 a daƙiƙa, suna auna waya da lambobin AWG, inda lamba take ƙaruwa waya tana sirancewa. A gidajensu baƙar waya ce mai wuta, fara kuma ita ce nutural, wato wadda wuta take komawa ta cikinta. Wanda ya haddace wannan ya shiga tsohon gida a Argungu ko Jega, inda ja ce mai wuta baƙa ce nutural, ya ɗauko wa kansa haɗari.

Ko a littattafan Birtaniya ma shekara tana da muhimmanci. A 2004 suka sauya launukan waya, daga 2006 kuma sabon tsarin ya zama dole a wurinsu. A tsohon tsari, ja ce mai wuta, baƙa nutural. A layi uku kuwa ja da rawaya da shuɗiya. A sabon tsari, ruwan ƙasa ce mai wuta, shuɗiya nutural. A layi uku kuma ruwan ƙasa da baƙa da ruwan toka. Ka lura da tarkon da ke nan: shuɗiya da take ɗauke da wuta a tsohon tsari ta koma nutural a sabo, baƙa kuma da take nutural ta koma mai wuta. A kasuwanninmu duka biyun suna nan, kuma za ka iya samun su a cikin akwatin rabon wuta guda. Wayar ƙasa, wadda ke kai wutar da ta zurare cikin ƙasa, ita kaɗai ce, mai kore da rawaya, ba ta sauya ba a wannan gyara. Rubuta launukan nan a bangon littafinka, amma kada ka taɓa waya don ka yarda da launinta. Gwada ta tukuna.

Yadda ake karanta jadawalin waya

Nan ne zuciyar aikin, kuma zan bi shi a hankali da misalin gidan Badariya.

Da farko ka san nauyin da layin zai ɗauka. Duba jikin na'urar, akwai ɗan allo da aka rubuta wat ɗinta. Hita mai wat 3000, idan ka raba da bolt 230, za ta ja kimanin amfiya 13. Daga nan ka zaɓi birekar da ta kai wannan adadi ko ta ɗara shi kaɗan daga cikin girman da ake ƙerawa, wato 6, 10, 16, 20, 32 da sauransu. Ga wannan hita, ta amfiya 16 ta dace. Ƙa'idar da littafin ya kafa ita ce kada nauyi ya wuce bireka, kada kuma bireka ta wuce abin da waya za ta iya ɗauka. Bireka waya take karewa, saboda haka idan ta fi ƙarfin wayar, wayar ce za ta fara ƙonewa ita tana tsaye.

Sai ka nemi jadawalin da ya dace da irin wayarka. Akwai na wayar jan ƙarfe mai rigar PVC, wadda ba a so zafinta ya wuce digiri 70, akwai na wasu iri daban, kuma kowane jadawali an raba shi bisa yadda aka shimfiɗa wayar: a cikin bututu, ko a manne a bango, ko a binne a ƙasa. Yawancin kuskuren masu koyo a nan yake, domin suna dira kan lambar da ta fi girma ba tare da sun karanta kan jadawalin ba. Ka sa yatsa a saman shafin, ka karanta abin da aka rubuta a can da ƙananan baƙaƙe, sannan ka gangaro. Ga wayoyi biyu a cikin bututun da aka bi da shi ta bango, jadawalin ya ba wayar 1.5 amfiya 17.5, wayar 2.5 amfiya 24, wayar 4 amfiya 32, wayar 6 amfiya 41, wayar 10 kuma amfiya 57.

Da a nan maganar ta tsaya, da kowa ya haddace lambobi biyar ya huta. Amma waɗannan lambobi an gina su ne a kan cewa zafin iskar da ke kewaye da wayar digiri 30 ne. Duk wanda ya yi bazara a Kebbi ya san cewa daga Maris zuwa Mayu zafin rana yana haura 40 a inuwa, balle a tsakanin silin da rufin kwano da azahar. Littafin bai manta da wannan ba, akwai wani ɗan jadawali na ragi da ya tanada: a digiri 35 ka ninka da 0.94, a 40 da 0.87, a 45 da 0.79, a 50 da 0.71, a 55 kuma da 0.61. A ganina, ga ma'aikacin da ke aiki a ƙasar nan tamu babu shafin da ya kai wannan muhimmanci, kuma shi ne shafin da aka fi tsallakewa. Idan kana shakkar zafin wurin, rataya ma'aunin zafi a cikin silin ɗin da rana tsaka ka dawo ka karanta.

Akwai ragi na biyu, na cunkoso. Waya tana fitar da zafi idan tana aiki, kuma idan aka tara layuka a bututu guda kowanne yana dafa ɗan'uwansa. Layi biyu a bututu ɗaya, ka ninka da 0.80, uku, da 0.70, huɗu, da 0.65.

Yanzu mu koma gidan. Wayar 2.5 ce, asalin lambarta 24. Na ɗauki zafin silin a kan digiri 50, saboda haka 24 sau 0.71 ya ba da kimanin 17. Layi uku ne a bututun, 17 sau 0.70 ya sauko kusa da 12. Wato wayar da yaron yake ganin za ta ɗauki amfiya 24, a wannan wuri amfiya 12 kawai take iya ɗauka lafiya, ga hita da na'urar sanyaya ɗaki suna jan kusan 20 ta cikinta, ga kuma bireka ta 32 da ba za ta motsa ba. Na ba shi biro da takarda ya yi lissafin da hannunsa, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Ashe Allah ne kawai ya tsare." Da muka zo gyara, sai muka juya lissafin: bireka ta 16, wadda ta dace da hita ita kaɗai, a raba da 0.71 ya ba da kimanin 22.5, wanda wayar 2.5 za ta iya cikawa da ƙyar idan ita kaɗai ce a bututunta. Tun da dole layi biyu su bi hanya ɗaya, muka sake rabawa da 0.80, ya kai kimanin 28, muka sa wayar 4.

Ka yi irin wannan lissafi sau goma a takarda da misalan da ka ƙirƙira, kafin ka yi shi sau ɗaya a gidan mutane.

Nisa ma yana cin wuta

Waya tana iya ɗaukar nauyi ba ta yi zafi ba, amma wutar ta isa ƙarshen layi a raunane. Wannan yana faruwa sosai a gonaki da fadamu da gidajen kaji, inda famfon rijiyar burtsatse yake nesa da ɗakin wuta. Kusa da jadawalin amfiya akwai wani da ke nuna yawan milibolt ɗin da waya take zubarwa a kowace amfiya a kowace mita: wayar 1.5 tana zubar da 29, wayar 2.5 tana zubar da 18, wayar 4 kuma 11, wayar 6 tana zubar da 7.3, wayar 10 kuwa 4.4. Dokar ta yarda a rasa kashi 3 cikin 100 a layin fitilu da kashi 5 a sauran layuka, wato bolt 6.9 da bolt 11.5 idan an auna da 230.

A ce famfo yana jan amfiya 10, nisansa mita 80. Da wayar 2.5, ka ninka 18 da 10 da 80 ka raba da 1000, za ka sami bolt 14.4, ya wuce iyaka. Da wayar 4 kuwa bolt 8.8 ne, ya shiga. Mai gona zai ce wayar 4 ta yi tsada, kuma gaskiyarsa ce, amma nuna masa lambobin a takarda ka kuma tuna masa cewa sau da yawa wutar da take iso mana ba ta cika 230 ba tun daga falwaya, kuma motar famfo idan ba ta sami isasshen bolt ba zafi take yi har kwayil ɗinta ya ƙone. Kuɗin sake naɗa mota da na haƙo famfo daga rijiya sun fi bambancin kuɗin wayar.

A aikin sola, wanda yanzu ya zama abincin matasa da yawa daga Yawuri har Gusau, wannan magana ta ƙara tsanani. Nauyin wat 1000 a bolt 230 bai kai amfiya 5 ba, amma a batir mai bolt 24 ya haura amfiya 41, a mai bolt 12 kuma ya haura 83. Shi ya sa wayar da ke tsakanin batir da inbata take zama gajera mai kauri, da fis kusa da batir, kuma birekar da aka ƙera don wutar NEPA ba a ɗora ta a ɓangaren batir ko na faifan sola sai an ga an rubuta a jikinta cewa ta dace da wutar DC, wato irin wadda batir da faifan sola suke bayarwa. Duk waɗannan suna cikin takardar da ke cikin kwali.

Littafi a bakin shagon mai sayar da waya

Duk lissafin da ka yi ya dogara ne a kan cewa wayar da aka rubuta wa 2.5 da gaske 2.5 ce. Kowa ya san akwai jabu a kasuwa, mai rigar roba mai kauri da ɗan siririn ƙarfe a ciki, wata ma alminiyam ce aka shafa wa launin jan ƙarfe. Littafin zai taimake ka a nan ma. Silin jan ƙarfe guda na wayar 2.5 faɗinsa kimanin milimita 1.78 ne, na wayar 1.5 kuma 1.38, kuma ana iya aunawa da ɗan ma'aunin kauri. Jadawalin turjiya kuma, wato tirjewar da waya take yi wa wuta, wadda ake aunawa da om, ya nuna cewa mita 100 na wayar 2.5 zai ba da kimanin om 0.74, na wayar 1.5 kuma om 1.21. Ka haɗa bakin igiyoyin mitar gwajinka da juna ka ga abin da suka nuna, ka cire shi daga abin da ka samu a kan ƙunshin wayar. Idan sakamakon ya haura sosai, ƙarfen bai cika ba ko ba jan ƙarfe ba ne. Idan ya yi ƙasa sosai, mai yiwuwa tsawon ne bai kai ba. Ka kankare bakin wayar da wuƙa ma, idan fari ya bayyana a ƙarƙashin ja, ka ajiye musu kayansu.

Idan Turanci ya yi maka nauyi

Na san wannan shi ne babban cikas ga yara da yawa, musamman waɗanda suka shigo sana'ar daga makarantar allo ko suka tsaya a firamare. Kada hakan ya sa ka ja da baya. Mu mutanen ƙasar Gwandu mun san yadda ake cin littafi mai wuya: ɗalibi ya zauna gaban malami a zaure, ya karanta layi ɗaya, a fassara masa, ya maimaita, gobe ya dawo a ɗora. Haka za ka yi da wannan. Nemi wanda ya yi karatun fasaha, ko da sa'anka ne, ku sa lokaci bayan la'asar ko ranar da ba a fita aiki, ku ɗauki shafi ɗaya kacal. Yawancin abin da kake buƙata lambobi ne da zane, kalmomin da suke maimaituwa kuma ba su da yawa.

Sayi littafin rubutu mai bango mai ƙarfi wanda zai shiga jakar kayan aiki. A farkonsa ka jera kalmomin Turancin da ka ci karo da su da ma'anarsu da Hausa, da boko ko da ajami, duk wanda ya fi maka sauƙi. A tsakiya ka kwafe jadawalan da na ambata da hannunka, kana duba kowace lamba sau biyu, ka kuma rubuta sunan littafin da shafin da ka ɗauko ta. Sauran shafukan na ayyukanka ne: kwanan wata, irin ginin, wayar da ka sa, birekar da ka sa, da abin da mita ta nuna. Ka koyi amfani da fihirisar da ke bayan littafi, domin ba a karanta littafin dokoki daga farko zuwa ƙarshe kamar labari, nemo abin da ake buƙata ake yi. Hotunan shafuka a wayar hannu suna da amfani, sai dai caji yana ƙarewa, kuma hoton jadawalin da aka turo a WhatsApp ba tare da kansa ba bai cancanci a dogara da shi ba, tun da ba ka san na wace irin waya ba ne.

Wannan ɗabi'a ita ce za ta ɗauke ka idan ka tashi neman takarda, ko ta gwajin sana'a da Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya take bayarwa daga mataki na uku zuwa na ɗaya, ko ta NABTEB, ko shaidar NEMSA. A can za a tambaye ka dalili, kuma "haka na ga ana yi" ba amsa ba ce a wurinsu.

Idan littafi ya saɓa da maigida

Wannan zai faru, kuma yadda ka tafiyar da shi yana iya gyara zamanku ko ya ɓata shi. Kada ka gyara wa maigidanka magana a gaban mai aiki ko a gaban sauran yara. Bari sai kun keɓe, ka kawo shafin da sigar tambaya: "Maigida, na ga wani abu a nan ban gane ba, ko za ka duba mini?" Sau da yawa za ka tarar yana da dalilin da littafin bai sani ba, kamar irin ƙasar wurin, ko halin wutar unguwar, ko kayan da ake samu a kasuwa. Wani lokaci kuma shi ma gado ya yi ba a taɓa nuna masa ba, kuma dattijon kirki zai karɓa idan an kawo masa da ladabi. Abu ɗaya ne ban yarda a yi shiru a kansa ba: idan an ce ka bar wayar ƙasa, ko ka ɗaure fis da zaren waya mai kauri, ko ka haɗa janareta da wutar gida ba tare da makunnin sauya layi ba. Waɗannan rai suke ci, na ƙarshen ma yana iya kashe ma'aikacin da ke kan falwaya can nesa bai san hawa ba bai san sauka ba.

Gwaji kafin a saki wuta

Babin gwaji shi ne wanda za ka karanta har ka iya faɗinsa ido a rufe. Kafin ka taɓa kowace waya, ka kashe wuta daga tushe, ka kulle ko ka sa alama, ka tuna cewa gidan yana iya samun wuta ta hanya uku, NEPA da janareta da inbata. Ka gwada na'urar gwajinka a wurin da ka tabbatar akwai wuta, ka gwada layin da za ka yi aiki a kai, sannan ka sake gwada na'urar. 'Yar tasta mai ƙwan fitila da muke saƙalawa a aljihu ba ta isa shaidar cewa layi ya mutu ba.

Littafin ya jera gwaje-gwajen sabon aiki bi da bi, kuma jerin yana da hikima, domin kowane gwaji yana dogara ne a kan wanda ya gabace shi. Ana fara tabbatar da cewa wayar ƙasa ta isa kowane soket ba ta yanke a hanya ba. Sai gwajin rigar waya da na'urar da ake kira mega, a bolt 500 na DC, inda ba a karɓar ƙasa da megaom 1, kuma sabon aiki mai kyau yakan nuna sama da haka nesa ba kusa ba. Ka cire kayan laturoni daga layin kafin ka yi shi, don kada ka ƙona su. Sai a duba cewa makunni da bireka a kan waya mai wuta suke, ba a kan nutural ba. Bayan an saki wuta a gwada na'urar RCD, mai yanke layi idan wuta ta zurare, wadda littafin ya nemi a sa mai miliamfiya 30 a layukan soket da na banɗaki domin kare rai.

Sandar ƙasa tana buƙatar kulawa ta musamman a wajenmu. An saba a haƙa rami, a kafa sanda, a zuba gawayi da gishiri, a rufe a tafi, ba tare da an auna komai ba. Littafin ya yi gargaɗi cewa turjiyar da ta haura om 200 ba abin dogaro ba ce, domin tana sauyawa da yanayin ƙasa. Sandar da ta nuna lamba mai kyau a watan Agusta, ƙasa na jiƙe, tana iya nuna wani abu daban a watan Maris bayan hunturu ya busar da komai, gishirin kuma yana cin ƙarfen a hankali. Idan ba ka da na'urar auna ta, ka yi hayarta ko ka gayyato mai ita, ka sa kuɗin a cikin lissafin aiki tun farko. Ka gina ɗan akwati mai murfi a kan sandar yadda za a iya buɗewa a duba maɗaurin.

Idan ka gama, rubuta sakamakon kowane layi a takarda biyu, da kaurin wayarsa da girman birekarsa da ɗakunan da yake ba wuta. Ɗaya ka liƙa a cikin murfin akwatin rabon wuta, ɗaya ka bar ta a littafinka, ka kuma rubuta watan da ka auna sandar ƙasa. Idan da damina ka yi aikin, ka gaya wa mai gidan cewa za ka dawo da bazara ka sake aunawa, ka sa ranar a littafinka.